Zango a Hanyar Dempster: Nazarin Yadda Motocin-Gida Suka Shiga Dajin Arewacin Kanada

A ranar 15 ga Nuwamban 2017 aka buɗe wata hanya mai tsawon kilomita 138 daga garin Inuvik zuwa Tuktoyaktuk, wani ƙauye da ke bakin Tekun Aktik a can ƙuryar arewacin Kanada. Kafin wannan rana, mai son zuwa ƙauyen sai dai ya hau jirgin sama, ko ya bi ruwa, ko ya jira hunturu ya taka mota a kan ƙanƙarar kogi. Tun daga ranar kuwa, mutum na iya tayar da mota a Toronto ko Vancouver, ya yi ta tafiya har ya tsaya a gaɓar tekun. Babu waɗanda labarin ya yi wa daɗi kamar masu motar-gida, wato motocin nan masu gado da madafa da banɗaki a ciki, waɗanda 'yan fansho da iyalai a Kanada da Amurka ke yawon hutu da su a lokacin zafi. Har daga Jamus da Suwizalan ana zuwa, wasu su yi haya a Whitehorse, babban birnin yankin Yukon, wasu su ɗoro tasu motar a jirgin ruwa.

Sai dai kafin a kai Inuvik ɗin, dole a bi Hanyar Dempster, kuma a nan ne maganar take.

Hanyar da wuraren kwananta

Dempster ta rabu da babbar hanyar Klondike ne kimanin kilomita 40 gabas da garin Dawson a yankin Yukon, ta miƙa arewa wajen kilomita 740. Kusan dukkanta tsakuwa ce, babu kwalta. An fara aikinta a 1959, zamanin Firaminista John Diefenbaker, lokacin da ake neman mai a yankin Eagle Plains. Da neman bai yi albarka ba sai aka ajiye aikin, har sai da aka gano mai a Prudhoe Bay ta Alaska a 1968, sannan gwamnati ta sake waiwayarsa. An buɗe ta a hukumance a watan Agustan 1979. Sunan da take ɗauke da shi na wani ɗan sanda ne, William Dempster, wanda a watan Maris na 1911 ya jagoranci neman wasu 'yan sanda huɗu da suka tashi daga Fort McPherson za su Dawson da karnuka masu jan kaya a kan ƙanƙara, suka ɓace a cikin duwatsu. Gawarwakinsu ya tarar. Yunwa da sanyi ne suka kashe uku, na huɗun ya harbe kansa, ba su da nisa da garin da suka baro.

Ba don 'yan yawon buɗe ido aka yi hanyar ba, kuma har yau wannan ne abu na farko da ya kamata mai motar-gida ya sa a ransa. Hanyar tireloli ce da tankokin mai da ke kai wa Inuvik da ƙauyukan bakin kogin Mackenzie abinci da man fetur.

A ɓangaren Yukon, gwamnati na da zango uku a kan hanyar: Tombstone Mountain a kilomita na 71, Engineer Creek a wajen kilomita na 194, da Rock River a wajen kilomita na 446. Bayan an tsallaka iyaka zuwa Yankin Arewa maso Yamma, akwai Nitainlaii kusa da Fort McPherson, da wasu a gandun Gwich'in, sai Jàk da Happy Valley a Inuvik. Na Inuvik ɗin suna da wuta da wurin wanka. Na Yukon kuwa abin da za ka tarar shi ne fili da aka share don mota ta tsaya, teburin katako, murhun ƙarfe, masai irin na rami, rumfar girki, kwandon shara da aka yi shi yadda dabba ba za ta iya buɗewa ba, da itacen wuta da ke cikin kuɗin kwana. Babu lantarki, babu famfo, babu inda za a juye ƙazantar mota. A 2022 an sa kuɗin kwana ɗaya dalar Kanada 20, ko 18 ga wanda ya biya tun farko ta intanet.

Tombstone ne zangon da kowa ke rububi. Yana cikin gandun daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,200, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar ƙasa da al'ummar Tr'ondëk Hwëch'in, 'yan asalin yankin, suka ƙulla da gwamnati a 1998. Su ne suka dage a kare wurin, kuma da su ake tafiyar da shi. Zangon na bakin kogin North Klondike, daidai inda dajin itatuwa ke ƙarewa. Tafiyar 'yan mintoci gaba, hanya ta haura tudun North Fork, wurin da ya fi ko'ina tsawo a kanta, daga nan ido ba ya cin karo da komai sai fili mai gajerun tsirrai da baƙaƙen duwatsu masu tsini. A ƙarshen Agusta, idan sanyi ya fara taɓa ganye, kwarin duka sai ya koma ja da ruwan ɗorawa na sati biyu ko uku. A waɗannan makonni ne guraben zangon, waɗanda dama ba su da yawa, suke cikewa tun kafin azahar.

Inda motar-gida ke gazawa

Abin da ke jan mutane ga motar-gida shi ne ba ka buƙatar kowa: ga gadonka, ga tukunyarka, duk inda dare ya yi maka nan ne masauki. A kudancin Kanada wannan magana gaskiya ce, domin kusan kowane gari na da zango mai wuta da ruwa da bututun juye ƙazanta. Dempster ita ce ke nuna iyakar maganar.

Ɗauki mai. Daga bakin hanyar zuwa Eagle Plains kilomita 369 ne, babu gidan mai ko ɗaya a tsakani. Eagle Plains kuma ba gari ba ne: otal ne guda da aka gina a 1978, da gidan mai, da gareji, da ma'aikatan gyaran hanya. Babbar motar-gida mai jan nauyi, a kan tsakuwa, tana hawa tudu iska na tura ta baya, shan manta ya fi abin da mai ita ya saba gani a kwalta nesa ba kusa ba. Wanda ya yi lissafi da abin da motarsa ke sha a babbar hanya zai iya ganin allurar mai ta kwanta tun yana kan tsaunukan Ogilvie. Shi ya sa ake ɗaukar jarka.

Taya ita ce babbar matsala. A wurare da dama an shimfiɗa hanyar da fasasshen dutse mai kaifi wanda ke yanka taya ta gefe, inda faci ba ya kamawa. Shawarar da aka saba ba matafiya ita ce su riƙe safaya biyu cikakku a kan ƙarfensu, da jak mai ƙarfi da katakon da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse. Motocin haya da yawa safaya ɗaya suke da ita, wasu kamfanonin hayar ma sun hana shiga Dempster ɗungurungum, wasu kuma sai an ƙara kuɗi. Idan tirela ta taho, wanda ya san hanya rage gudu yake yi ya raɓe gefe, domin tsakuwar da take watsowa ita ke fasa gilashin gaba. Don kwantar da ƙura ana zuba wa hanyar wani gishiri, to idan ruwan sama ya sauka a kansa sai ta yi santsi kamar miyar kuɓewa, taɓon kuma ya manne a ƙarƙashin mota ya ci ƙarfe in ba a wanke ba. Sabis na waya babu shi a mafi yawan hanyar. Wanda motarsa ta lalace tsakanin Tombstone da Eagle Plains, sai dai ya aika saƙo ta bakin direban da ya wuce, ko ya yi amfani da na'urar tauraron ɗan'adam in yana da ita, kuma kuɗin janyo mota daga can ba ƙarami ba ne.

Duk wannan wahalar mai mota ce, shi ya jawo wa kansa, shi zai biya. Abin da ya fi damuna shi ne wahalar da ke faɗawa kan wurin.

Motar-gida na da tanki uku: na ruwan sha, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na bayan gida. A matsakaiciyar mota, iyali na iya ƙarar da na farko su cika sauran biyun cikin 'yan kwanaki. Wurin juyewa na halal kuwa sai Dawson, ko Eagle Plains, ko Inuvik. Mutumin da ya samu gurbi a Tombstone, yana son ya ƙara kwana uku, tankinsa ya cika, Dawson na bayansa da fiye da kilomita 100, to jarabar buɗe bututu a wani ramin tsakuwa da ke gefen hanya tana da ƙarfi. Mafi yawan mutane ba sa yi. Amma ba a buƙatar mutane da yawa kafin ɓarna ta bayyana, saboda ƙasar nan ba ta cinye ƙazanta kamar yadda ƙasa mai ɗumi ke yi. Ƙasa kaɗan da saman da ake takawa, daskararriya ce shekara da shekaru, ruwa ba ya nutsewa, sanyi kuma na hana abu ruɓewa da wuri. Abin da aka zubar sai ya kwanta a sama ko ya gangara rafi. Hatta ruwan wanke kwano, wanda mutane ke ɗauka ba komai ba ne, yana ɗauke da ƙanshin maiƙo da abinci.

Ƙanshin nan kuwa shi ke kiran beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari. Yankin na da beyar iri biyu, baƙa da kuma babbar mai ruwan ƙasa wadda ta fi haɗari, kuma hancinsu ya fi na kare. Beyar da ta taɓa samun abinci a zango za ta dawo, in ta dawo sau biyu sau uku ta daina tsoron mutum, ƙarshenta jami'an gandun daji su harbe ta. Wanda ya bar naman gashi a kan teburi ya shiga mota ya kwanta, wataƙila ya tashi lafiya ya kama hanyarsa. Mai tanti da zai zo bayansa da sati ɗaya shi zai gamu da abin da ya shuka. Saboda haka ne ake matsa wa kowa ya kulle abinci da shara a cikin mota, ake kuma wajabta wa masu shiga ciki da ƙafa zuwa tabkunan Grizzly da Divide da Talus su yi rajista, su riƙe gwangwanin abinci da beyar ba ta iya buɗewa. Feshin barkono na korar beyar ma kusan kowa na rataye da shi.

Ƙasar da hanyar ke kwance a kanta

Duk wanda ya bi Dempster zai lura cewa hanyar a ɗage take, kamar an ɗora ta a kan ganuwa. An yi haka da gangan: tsakuwar da aka jibge, mai kauri daga mita 1.2 zuwa 2.4, ita ce ke hana zafin rana isa ga daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashi. In ta narke, hanya nutsewa za ta yi. Wannan ne ya sa wuraren da mota za ta iya sauka gefe ba su da yawa, ya kuma sa sauka kan filin tsirran nan da mota ya zama babban laifi ga wurin. Sawun taya na kwashe gansakukar da ke rufe ƙasa, rana ta samu shiga, ƙanƙarar ciki ta narke, sawun ya zama kwata, kuma yana iya daɗewa shekaru masu yawa bai warke ba. Idan zango ya cika, aka ga motoci sun fara neman wurin kwana a duk inda ya yi kama da fili, a nan ake fara irin wannan ɓarna.

Ko ba motocin ba, ƙasar na canjawa. Yankin Aktik na ɗumama ninki uku ko fiye da na sauran duniya. A tudun Peel, kafin a isa Fort McPherson, ana iya hango inda gefen tsauni ya narke ya zaftare ya bar ƙaton rami. A watan Yulin 2015 irin wannan zaftarewa ta ci bakin wani tabki a yankin, ruwansa ya kwarare cikin ɗan lokaci. Ambaliya, gobarar daji, da iskar tsaunukan Richardson mai kifar da tirela, duk suna sa a rufe hanya, wani lokaci kwana da kwanaki.

Sai kuma koguna biyu da babu gada a kansu. Ana tsallake Peel da Mackenzie ne da jirgin fito, kyauta, daga wajen watan Yuni zuwa Oktoba. Da hunturu kan ƙanƙara ake bi. A tsakanin lokutan biyu, sa'adda ruwa ke daskarewa ko ƙanƙara ke fashewa, babu mai wucewa. Ko a tsakiyar lokacin zafi, idan Peel ya cika ya taho da itatuwa, ana tsayar da jirgin har ruwa ya sauka. Doguwar motar-gida mai dogon baya kuma na iya gogar ƙasa wajen hawa jirgin, domin gaɓar ƙasa ce kawai da buldoza ke gyarawa.

Masu wurin

Wanda ya zo daga birni yakan kira wannan yanki daji marar kowa. Kuskure ne. Ƙasar Tr'ondëk Hwëch'in ce a kudu, ta Gwich'in a tsakiya, ta Inuvialuit a bakin teku, kuma kowace al'umma na da yarjejeniyar ƙasa da gwamnatin Kanada: Inuvialuit a 1984, Gwich'in na Yankin Arewa maso Yamma a 1992. Garken karibu na Porcupine, wata dabba dangin barewa mai ƙahoni masu rassa, wanda ƙidayar 2017 ta sa shi wajen 218,000, yana ratsa hanyar a lokacin ƙaurarsa, kuma naman da Gwich'in ke ci kenan tun kaka da kakanni. Mai motar da ya tsaya a tsakiyar hanya ko ya saki jirgi marar matuƙi don ɗaukar hoto na iya juya garke daga inda mafarauta ke jiransa.

Tuktoyaktuk ce ta fi jin nauyin canjin. Ƙauye ne da mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba, wanda tanka ke raba wa gidajensa ruwa, wata tankar kuma ta kwashe ƙazanta, saboda ba a iya binne bututu a ƙasar. Sai ga shi a lokacin zafin 2018 baƙi sun kwararo da dubbai, kowa na son ya kai motarsa ƙarshen zirin ƙasar nan da ya shiga teku, inda ake ɗaukar hoto, ya tsoma ƙafa a teku. Wurin kuwa wurin kamun kifin mutanen gari ne, teku kuma na cin gaɓar kowace shekara har an ɗage wasu gidaje. Hukumar ƙauyen ta ware wurin kwanan motoci da kuɗinsa, ta kafa alamun inda ba a shiga ruwa. An samu ciniki, ba shakka: masu sayar da busasshen kifi, masu ɗinki da sassaƙa, masu kai baƙi ganin tuddan ƙanƙarar nan da ake kira pingo, waɗanda mafi tsawonsu, Ibyuk, ya kai mita 49. Amma motar-gida baƙo ne mai zuwa da guzurinsa. Ya sayi abincinsa a Whitehorse inda ya fi araha, a motarsa zai kwana, a motarsa zai ci, abin da zai bari a gari sau da yawa bai wuce kuɗin fakin da buhun shara ba. Sharar nan kuwa ƙauyen ne zai san yadda zai yi da ita.

Annobar korona ta nuna yadda mutanen yankin ke auna lamarin. A watan Maris na 2020 Yankin Arewa maso Yamma ya rufe ƙofarsa ga 'yan yawon buɗe ido, bai buɗe ba sai 1 ga Maris na 2022. Asibiti ɗaya ne a duk yankin bakin kogin, a Inuvik. Ƙauyukan ƙananan ɗakunan shan magani kawai suke da su. Sun zaɓi rasa kuɗin baƙi na shekara biyu a kan su jefa tsofaffinsu cikin haɗari.

Wani abu da zai ɗaure wa Musulmi matafiyi kai: bayan an tsallake layin da'irar Aktik a kilomita na 405, a tsakiyar lokacin zafi rana ba ta faɗuwa. A Inuvik kwana 56 take yi a sama. Mai faifan sola a rufin mota zai ji daɗi, mai neman barci kuwa sai ya toshe tagogi. Garin na da ƙaramin masallaci da aka gina a Winnipeg da ke kudancin Kanada, aka ɗauko shi a tirela da jirgin ruwa fiye da kilomita 4,000, aka buɗe shi a 2010, kuma jama'arsa jadawalin wani birni na kudu suke bi wajen salla da azumi a irin waɗannan watanni.

Abin da hukumomi suka yi

Yukon ta fara da dokokin zama: ba a wuce kwana 14 a zango ɗaya cikin kwana 30, kuma ba a barin gurbi babu kowa fiye da awa 24, don maganin masu ajiye kujera ko tirelar kaya su kama wuri su tafi. A 2024 kuma aka fara gwajin kama gurbi ta intanet a zango huɗu, ciki har da Tombstone, inda aka ware wani kaso na guraben don masu rajista, aka bar saura ga wanda ya riga isowa.

Akwai masu kiran a faɗaɗa zangunan, a ja wuta, a sa famfo, har a yi wa hanyar kwalta. Ban goyi bayan wannan ba. Kwalta baƙa ce, zafi take sha, kuma a kan irin wannan ƙasa gyaranta ba zai ƙare ba. Wuta da famfo kuwa za su kira manyan motocin da a yanzu tsakuwa ke hana su zuwa, da janaretocinsu, a wurin da dabba da mafarauci ke buƙatar shiru. Abin da hanyar ke buƙata ƙarami ne a ido amma ya fi amfani: wurin juye ƙazanta da kwashe shara a wajen Tombstone da kuma tsakanin Eagle Plains da Inuvik, wanda kuɗin baƙi zai riƙe shi, da tsayayyun wuraren kwana na wucin gadi a tsofaffin ramukan tsakuwa da aka riga aka haƙa, don mai rasa gurbi ya san inda zai nufa. A ƙauyuka kuma, su masu gari su yanke adadin motocin da za su kwana da abin da za su biya.

Game da rajista ta intanet, tana da amfani a Tombstone, domin tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga Dawson, mutum na iya cika alkawarin ranar da ya ɗauka. Amma bai kamata a miƙa ta arewa ba, kuma ko a Tombstone ɗin kason wanda ya riga isowa ya kamata ya ci gaba da zama babba. Wanda ke dawowa daga Inuvik bai isa ya ce ga ranar da zai iso ba: jirgin fiton Peel na iya tsayawa kwana biyu, taya na iya riƙe shi a Eagle Plains har a kawo masa wata daga Whitehorse, hayaƙin gobara na iya sa a rufe hanya yana tsakiyarta. In an sayar da duk guraben tun watan Afrilu ga mutanen da ke zaune gaban kwamfuta a birane, direban da ya gaji, ya iso da daddare da iyalinsa, zai tarar da gurbi babu kowa a ciki amma an hana shi tsayawa, kuma zango na gaba yana da nisa sosai.